Ranar da Inna ta yi min salati da raina

Gashin ƙashi aka tura ni karantawa a Pune, can ƙasar Indiya, ciwon baya kuma ya kai ni ajin yoga, wato motsa jiki na miƙa da numfashi, irin wanda ake yi da bel da katako da bargo, tsarin da marigayi Iyengar ya shahara da shi a garin. Kafin in dawo na haura Rishikesh, bakin kogin Ganga, na yi kwas na awa 200, aka ba ni takarda. Yanzu da miƙa nake cin abinci a Kano. Asabar da Lahadi, in an tura yara Islamiyya, hajiyoyi kan taru a falona, kowa da ciwon gwiwarta.

Aikin da ya fi ba ni wahala shi ne sunaye. Akwai wani tsari da ake dafa ƙasa da hannu da ƙafa a ɗaga ƙugu sama, Indiyawa na kiransa kare mai kallon ƙasa. Ranar farko na fassara shi yadda yake. Wata hajiya ta miƙe ta gyara ɗankwali ta ce, "Malama, a cikinmu wace ce karen?" Tun ranar sunansa ya koma Dutsen Dala. Tsayuwa da ƙafa ɗaya ta zama tsayuwar zalɓe. Wanda suke cewa gaisuwar rana kuwa, a filin jirgin Delhi na bar sunan, don ba na son wa'azi ya biyo ni gida. Miƙa da numfashi nake koyarwa, ibada kowa ta san inda take yin tata.

Saura ɗaya, shabasana. Da shi ake rufe kowane darasi: a kwanta rigingine, a ware hannu, tafi na kallon sama, a saki jiki kamar minti goma. Ma'anarsa kwanciyar gawa. A ajina "hutun gajiya" muke cewa, maigida kaɗai na taɓa gaya wa gaskiyar sunan. Kuskurena ke nan.

Cikin hunturun bara surukata ta zo daga ƙauye ganin likitan ido. Washegari bayan sallar asuba na shimfiɗa tabarmata a tsakar gida yadda na saba, na gama juye-juyena, na kwanta. Sanyi na busowa da ƙura, sai na jawo wani zane na lulluɓa har fuska. Fari ne zanen. Wallahi ban lura ba sai daga baya. Na rage numfashi har ciki ba ya ko ɗagawa, barcin nan da nake hana ɗalibaina ya fara fizgata.

Can na ji kamar a mafarki ana cewa, "'Yar nan. 'Yar nan." Sai aka ɗaga hannuna. To malaminmu na Rishikesh haka yake gwada mu: ya ɗaga hannun mutum ya saki, in ya faɗi kamar jiƙaƙƙen tsumma an ci jarrabawa, in ya tsaya a sama a sha faɗa. Wata guda na yi kafin in iya. Don haka da aka saki hannun, na bar shi ya faɗi yaraf, har ina jin alfahari a raina.

Ƙarar faɗuwar buta na fara ji, sai salati. Inna ta ɗora hannu a ka tana kiran sunan ɗanta, maƙwabta suka fara bugun ƙofa. Ni kuwa an koya mana kada a tashi a firgice, a juya gefen dama tukuna, a tashi a hankali. Haka na yi. Ku ƙiyasta mace cikin farin zane tana tasowa sannu sannu da duku-duku. Maƙwabciyarmu da ta fara shigowa ba ta tsaya neman takalminta ba.

Maigida ya faɗo gidan daga masallaci yana haki. Da ya gane abin da ya faru, maimakon ya yi shiru sai ya ce, "Inna, kwantar da hankalinki, motsa jiki ne. Kwanciyar gawa ake ce masa."

Inna ta dube ni tun daga sama har ƙasa. Ta ce, "Wato har Indiya aka kai ki koyon mutuwa? Da kuɗin jirgi? Abin da kowa zai yi kyauta?"

Na durƙusa na ba da haƙuri, ban ce komai ba, don ba a musu da suruka.

Da hantsi ta tsugunna a gindin dalbejiya tana tsintar shinkafa a faifai. Na tsaya ina kallonta: dugadugai a ƙasa, baya a miƙe, gwiwar hannu cikin cinyoyi, ta fi rabin awa ba ta motsa ba. Wannan tsugunon malasana ake kiransa, kuma ni da takardar awa 200 sai na sa bargo ƙarƙashin dugadugai nake iya minti uku. Hajiyoyina na kujera da mota kuwa, in sun sauka sai an kama su. Na ce, "Inna, kin san wannan zaman da kika yi kuɗi ake biya a koya?" Ta ce nawa? Na faɗa mata. Ta ajiye faifan ta ce ranar Asabar ƙarfe nawa ake farawa.

Muna cikin wannan ciniki aka yi sallama. Ni na je na buɗe. Wata ƙawar yayata ce daga Kurna, idonta jawur, da kwanon kunu a hannu, ta ce a WhatsApp ta ji. Ta dube ni, ta dubi kwanon. Na karɓa na yi godiya, don ban karya ba tun safe.