Tatu: Alkawarin Gogewa Ba da Fatarmu Aka Yi Shi Ba

A Jamus, inda nake zaune, da zarar sanyi ya wuce aka ajiye manyan riguna, sai zanen jiki, wato tatu, ya bayyana ta ko'ina. Ga shi a damtsen direban bas, ga shi a wuyan ma'aikaciyar jinya, ga shi a ƙaurin malamar makaranta, kuma babu mai waiwayowa ya kalla. A Amurka ma haka abin yake: binciken cibiyar Pew na 2023 ya nuna kashi 32 cikin ɗari na manya suna da tatu aƙalla ɗaya. Don haka ba na mamaki idan yaranmu da suka zo karatu ko neman na kansu suka fara sha'awarsa. Abin da ke damuna shi ne maganar da nake yawan ji daga bakinsu: "Yaya, ai in na gaji da shi lesa za ta goge." Lesa dai na'ura ce mai harba haske mai ƙarfi a kan fata. Maganar kuwa sun ji ta ne daga abokansu fararen fata, kuma ko a wajen waɗancan ba ta cika gaskiya ba. A wajenmu kuwa ta fi rauni nesa ba kusa ba.

Hukuncin addini sananne ne, ba zan tsawaita ba. Jumhurun malaman Musulunci sun haramta shi, bisa hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na la'antar mai yi da wadda ake yi wa. Wanda wannan ya wadatar, ya huta. Ina magana ne da wanda zuciyarsa ke ci gaba da raya masa, kowane addini yake bi, domin fatar iri ɗaya ce.

Sai mutum ya san dalilin da ya sa zanen ba ya fita kafin ya gane wahalar fitar da shi. Allurar injin tana huda fata sau ɗaruruwa, har dubbai, a minti guda, tana ajiye tawada kimanin milimita 1 zuwa 2 a ciki, ƙarƙashin fatar sama da ke saɓulewa tana sabuntawa. Jiki yana ɗaukar tawadar a matsayin baƙuwa, sai ya turo ƙwayoyin garkuwarsa su haɗiye ta. Suna haɗiyewa, amma ba sa iya narkar da ita, sai su zauna da ita a wurin. A 2018 masu bincike a birnin Marsai na Faransa sun nuna a jikin ɓeraye cewa ko waɗannan ƙwayoyi sun mutu, sababbi ne ke zuwa su sake haɗiye tawadar da aka saki. Kuma ba dukanta ke tsayawa inda aka zuba ta ba. Wani binciken na 2017, wanda masanan Jamus da na Faransa suka yi, ya gano ɓurɓushinta a cikin kaluluwa, wato ta bi jiki ta tafi inda mai zanen bai aike ta ba.

To me lesa ke yi? Ba ta share komai. Haskenta yana bugun ƙwayar tawada ya farfasa ta ƙanana, sannan jiki ya kwashe a hankali cikin makonni. Shi ya sa ba a gamawa a zama ɗaya. Sau da yawa sai an yi zama 6 zuwa 12, da tazarar mako 6 zuwa 8 a tsakani, abin da aka zana da yammaci guda ya ci shekara ko biyu ana fama. Baƙar tawada ta fi saurin tafiya. Kore da rawaya suna da taurin kai. Fara kuwa, da mai launin fata, takan rikiɗe ta yi duhu idan hasken ya taɓa ta, saboda sinadaran ƙarfe da ke cikinta.

A nan ne hanyarmu ta rabu da ta maƙwabtanmu. Hasken lesa duhu yake nema. A farar fata, baƙin zane shi kaɗai ne duhu a wurin, hasken ya nufe shi kai tsaye. A fatarmu kuwa akwai sinadarin melanin mai yawa, wanda shi ne ya ba mu launinmu, kuma shi ma yana shan hasken. Sai ya zama ana harbin tawada ana samun fata. Na ga hannun wani ɗan'uwa da ya je a cire masa suna daga damtse. Tawadar ta tafi kusan duka, amma inda kowane harafi yake sai fatar ta koɗe ta yi fari-fari, har yanzu kana iya karanta sunan daga nesa, da wani launin dabam. Ya sha zafi, ya yi jinyar bororo, ya kashe abin da ya ninka kuɗin zanen, kuma yana nan yana sa riga mai dogon hannu a tsakiyar zafi. Wani kuma akasin haka ke samunsa, wurin ya yi baƙi ƙirin fiye da sauran jiki. Wani lokaci launin yakan dawo bayan watanni, wani lokaci ba ya dawowa.

Akwai nau'in lesa da ya fi dacewa da baƙar fata, wanda likitoci ke kira Nd:YAG 1064, domin melanin ba ya shansa sosai. Amma shi baƙar tawada da shuɗiya mai duhu ya fi iyawa da su, kuma dole a rage ƙarfinsa a ƙara yawan zama. Ba kowane wuri ke da shi ba, ba kuma kowane mai riƙe da shi ya taɓa aiki da fata irin tamu ba. Ku lura da hotunan "kafin" da "bayan" da ake liƙawa a wuraren gogewa. Ni dai da wuya na ga baƙin hannu a cikinsu.

Sai tabon nan mai tudu da ake kira keloyid, wanda ke girma ya wuce bakin raunin da ya haifar da shi, ya yi sheƙi, ya yi ƙaiƙayi. Ya fi yawa ga masu duhun fata, kuma yana bin jini. Wanda hujin kunne ko ɗan yanka ya taɓa yi masa tudu, ko ya san akwai haka a gidansu, to tatu dubban raunuka ne a wuri guda, kuma ƙirji da kafaɗa da bayan wuya, inda samari suka fi so a zana, su ne wuraren da keloyid ya fi fitowa. Haɗarin yana nan ranar zanawa, yana nan kuma ranar gogewa. Har takardar gargaɗin da ake ba mutum bayan an gama ba ta san da mu ba: tana cewa a lura idan wurin ya yi ja. A fatarmu jan ba ya fitowa fili. Abin da za mu lura da shi shi ne zafi a wurin, kumburi mai ƙaruwa, ciwon da ke tsananta maimakon ya ragu, mugunya, ko zazzaɓi. Duk wanda ya ga haka, asibiti zai nufa, ba shagon mai zane ba.

Gaskiya ɗaya da zan faɗa ita ce hukumomi a nan ba su yi barci ba. Tun watan Janairun 2022 Tarayyar Turai ta taƙaita sinadarai fiye da 4,000 a cikin tawadar tatu. Jamus ta mayar da gogewa da lesa aikin likitoci daga ƙarshen 2020. Birtaniya ta hana yi wa wanda bai kai 18 ba tun 1969. Shago mai rajista yana buɗe sabuwar allura a gabanka, mai zanen ya sa safar hannu. Duk da haka, tsabtar shago ba ta kawar da komai da komai. A ƙarshen 2011, a jihar Niyok ta Amurka, mutane sun kamu da ciwon fata saboda tawadar da ta gurɓace tun daga inda aka haɗa ta. Jar tawada kuma ta yi suna wajen tayar da ƙaiƙayi da ƙuraje, wani lokaci bayan shekaru. Masu bincike a jami'ar Lund ta Suwidin sun ba da rahoto a 2024 cewa masu tatu sun fi waɗanda ba su da shi haɗarin kansar kaluluwa da kashi 21 cikin ɗari, ko da yake su da kansu sun ce wannan bai tabbatar da cewa zanen ne sanadi ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne zanen ɗaki, inda aboki ya sayi inji a intanet ya ce zo in gwada. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa mako guda a kan ƙarfen da jini ya taɓa ya bushe. Nau'in C da cuta mai karya garkuwar jiki su ma ta jini suke bi. Ba banza ba masu karɓar gudummawar jini a Jamus da Birtaniya ke cewa a jira wata 4 bayan an yi tatu. Irin wannan gangancin ne kuma ke dawowa ranar nadama, mutum ya sayi man da aka ce yana goge zane, ko ya goga gishiri, ko ya zuba asid. Tawadar tana can ƙasa inda mai ba ya kaiwa, abin da za a samu ƙuna ce da tabo a kan zanen da bai tafi ba.

Kuma nadamar tana zuwa. A wancan binciken na Pew, kashi 24 cikin ɗari na masu tatu sun ce suna da-na-sanin aƙalla ɗaya. Mutum ɗaya cikin huɗu ke nan, a ƙasar da zanen ba abin kunya ba ne.

Idan ƙanina ya tambaye ni, zan ce masa ya bari. Idan ya nace, zan roƙe shi ya fara ganin likitan fata kafin mai zane, ya faɗa masa tarihin tabo a jikinsa da na danginsa. Ya nemi mai zanen ya nuna masa aikin da ya yi a baƙar fata bayan ya warke, ba hoton ranar da aka gama ba. Kada a zana a kan tawadar Allah, domin likita yana buƙatar ganin ta idan ta fara canzawa. Ya guji fuska da wuya da bayan hannu, ya guji sunan budurwa. Kada kuma ya dogara da cewa za a rufe tsohon zane da sabo, domin sabon dole ya fi na farko girma da duhu, kuma tawada biyu a kan juna ta fi ɗaya wuyar fita.