A rani ake gyara, ba a tsakiyar Agusta ba

Kun dai ga hotunan yadda ruwan sama ya mamaye layinmu a daren Talata, ba sai na maimaita ba. Abin da ya ƙona min rai, wanda ya fi kowa ɗaga murya yana "ina gwamnati?" shi ne ya zuba kankare a kan kwatar ƙofar gidansa bara, don motarsa ta riƙa shiga gareji ba gargada. Ko kafar da za a zura shebur bai bari ba. Ledar fiyawata da yashi suka cunkushe ciki, ruwa ya rasa hanya, ya faɗa ɗakin tsohuwar da ke jikin katangarsa. Sannu da ƙoƙari, Alhaji. Motar dai ba ta jiƙe ba, mun gode Allah.

Kada wanda ya ce min ƙaddara ce. Damina ba ta zuwa a ɓoye. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashenta tun farkon shekara, kuma ko yaron goye a Kano ya san ruwan Agusta. Muna da wata shida cur na rani, amma sai hadari ya haɗo ake neman lambar kafinta.

In za ka rufe kwata, yi mata murafai da mutum biyu za su iya ɗagawa a yashe. In an yashe, a kwashe dagwalon a ranar. Barinsa tsibi a bakin kwata aikin banza ne, ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito.

Rufi kuwa, inda silin ya yi tabo ba lallai nan ne ɓular take ba. Ruwa kan bi jikin katako ya yi tafiya kafin ya ɗiga. Ka sa yaro ya leƙa cikin silin da rana tsaka, duk inda haske ya ratso, nan ne. Ƙusar kwano a kan tudu ake buga ta, da robarta, ba a kwarin da ruwa ke bi ba. Kafintan da ya buga maka a kwari ya saya wa kansa aikin baɗi ne da kuɗinka. Indararo kuma ya yi tsawon da zai jefa ruwa nesa da gindin bango, domin ta ƙasa katanga ke fara ruɓewa.

Za a ce babu kuɗi, kwano ya yi tsada. Na sani, ni ma a kasuwar nake saye. To kilon ƙusa da buhun siminti ɗaya a watan Maris, da sabuwar katifa da silin da kuɗin asibiti a Agusta, wanne ya fi? Masu haya kuma su ce aikin mai gida ne. Haka ne, amma ba kayan ɗakin matar mai gida ne za su jiƙe ba. Ka gyara da saninsa, ku rubuta, a cire a kuɗin haya.

Wallahi ba dariya nake ba. Duk shekara sai mun yi jana'izar yaran da bango ya danne suna barci, yawanci ginin ƙasa da aka daina yi wa yaɓe, ko aka shafe da siminti danshi ya maƙale a ciki.

Af, wai har yanzu akwai mai haɗa laso, simintin gargajiya irin na da, mai katsin marina? Soron kakanmu nake son a shafe bayan damina. An ce in tambaya wajen marinar Ƙofar Mata. Wanda ya san wani magini na gaske ya yi min magana ta akwatin saƙo.