Wai yarinya ce a lokacin, a tausaya mata

Tun jiya ake ta yawo da bidiyon matar nan Leslie Van Houten a guruf ɗinmu na 'yan Agege, kowa sai Allah sarki, baiwar Allah ta tsufa a gidan yari. Wallahi abin ya ishe ni. Wannan tausayin naku me ya hana shi kaiwa kan Rosemary LaBianca, matar da ita Leslie da 'yan ƙungiyarsu suka kashe?

Shekararta 19 a 1969 da ta bi Charles Manson, jagoran ƙungiyarsu, da yaransa gidan su Rosemary a Los Angeles, da ƙafarta ta shiga, da hannunta ta ɗau wuƙa ta daɓa wa matar sama da sau goma. An yanke mata hukuncin kisa a 1971, shekara na zagayowa kotun Kalifoniya ta soke irin hukuncin, nata ya koma ɗaurin rai da rai, ta zauna ta yi digiri har da na biyu a ciki, 2023 aka sake ta tana da shekara 73. Ita dai ta samu ta tsufa. Rosemary da mijinta Leno ba su samu ba.

Za ku ce ai Manson ne ya juya mata ƙwaƙwalwa da ƙwaya. Na ji, amma ba wanda ya ɗaure ta ya kai ta gidan. Za ku ce ta tuba, to wannan tsakaninta da Mahaliccinta ne, haƙƙin rai kuwa yana nan.

Abin da ke ƙona min rai, wannan uzurin shi muke yi wa namu a nan Legas. Yaro ya shiga ƙungiyar asiri irin su Eiye ko Aiye, ya sha rantsuwa, a sare ɗan mutane a Mile 12, gobe ka ji wai abokai ne suka ja shi. Su abokan su suka riƙe masa addar? Mun manta yadda 'yan ƙungiyar asirin nan ta Badoo suka dinga fasa kan mutane da dutsen niƙa a Ikorodu a 2017? Su ma ai suna da iyayen da za su ce yaran kirki ne. Tun 2021 dokar jihar nan ta tanadi shekara 21 ga ɗan ƙungiyar asiri, ni a wurina ba ta yi tsauri ba.

Kuma don Allah iyayenmu na gida, ku daina ɗora yaro ɗan shekara 15 a bayan tirelar shanu wai ya zo Ikko neman kuɗi, ba kawu ba maigida, ko wurin kwana babu. Haya a nan yanzu ko magidanci kuka yake, balle shi.