Yaron da ya ci gasar fiyano ta Texas da makaɗanmu na gida

Tun da na zauna a nan Texas abin da ya fi ba ni mamaki game da kiɗan fiyano shi ne yadda ake gasa a kan kiɗan mutanen da suka mutu tuntuni. A Fort Worth ake yin gasar Van Cliburn duk shekara huɗu, tun 1962, an sa mata sunan wani Ba'amurke da ya je Mosko a 1958 ya ci gasar Tchaikovsky ana tsakiyar yaƙin cacar baka. Ta 2021 korona ta sa aka ɗaga zuwa 2022, kuma a nan ne wani yaro ɗan Koriya ta Kudu, Yunchan Lim, ya lashe yana shekara 18, mafi ƙanƙanta da ya taɓa cin zinarenta. Yana shekara 7 ya fara taɓa fiyano.

Ku duba kayan da ya shiga da su. A zagayen kusa da na ƙarshe ya zauna ya buga atisayen Liszt, wato kiɗe-kiɗe masu wuyar bugawa da tsohon marubucin kiɗa Franz Liszt ya rubuta, guda 12 gaba ɗaya, kusan awa guda, babu takarda a gabansa, duk daga ka, alhali manyan makaɗa da yawa biyu ko uku suke tsinta a ciki don yatsu na gajiya. A zagayen ƙarshe ya buga dogon kiɗan fiyano na uku na Beethoven da na uku na Rachmaninoff, su ma tsofaffin marubuta kiɗa ne, tare da babbar tawagar makaɗa. Wanda bai kalli bidiyon ba ya nema a YouTube, gashi ya rufe masa fuska, gumi na ɗiga, da aka gama ita kanta Marin Alsop mai jagorantar makaɗan sai da ta share hawaye.

To a wajenmu fa? Makaɗi da waƙarsa ake saninsa. In ka ɗauki kukuma ko gurmi ka yi ta maimaita ta wani, cewa za a yi ai ɗan amshi ne, bai kai ba tukuna. A nan kuwa mutum 30 za su hau dandamali, akwai ma sabon kiɗa guda da aka rubuta musamman don gasar wanda dole kowa ya buga, alƙalai suna sauraron wa ya fi fito da shi. Ni gaskiya wannan ne ya fi tsaya min a rai, ba dala dubu 100 da ake ba zakara ba. Liszt ya fitar da atisayen nan a 1852, Rachmaninoff ya rubuta nasa a 1909, amma don an rubuta su a takarda, yaron da aka haifa a Koriya a 2004 ya ɗauka ya buga har ya sa mutane kuka. Mu namu makaɗin fada in ya rasu rabin kiɗansa ya bi shi, sai ɗan abin da ya rage a kaset ko a bakin 'ya'yansa, in ma sun yarda sun gaji sana'ar, don da yawa kunyarta suke ji.

Kuma gasar ita ce ubangida a nan. Can sarki ko attajiri ke ba ka doki da riga, nan in ka ci Cliburn shekara uku suna shirya maka inda za ka je ka yi wasa. Ba a tambayar ɗan gidan wa ne kai, wannan kam na yaba.

Amma ba komai nasu ne ya burge ni ba. Saboda kowa na son birge alƙalai, kusan kiɗa iri ɗaya ake ta zaɓa, Rachmaninoff, Prokofiev, Liszt, masu ƙara da gudu, har kunne ya gaji, kuma da yawa sun ci gasa an yi ta tafi bayan 'yan shekaru ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Yaron makaɗinmu yakan daɗe a bayan maigidansa yana amshi, yana koyon yadda ake karanta fuskar taro, kafin a bar shi ya ja gaba. Shi wannan a dare ɗaya ake jefa shi duniya.

Shi Lim dai ya yi dabara, bai saki malaminsa Minsoo Sohn ba, ya bi shi Boston ya ci gaba da karatu. Faifansa na farko da kamfanin Decca a 2024 atisayen Chopin ne, daga baya kuma ya koma kan Bach, wanda ba ruwansa da hayaniyar burge alƙalai. Gasar 2025 Aristo Sham na Hong Kong ne ya ci, shi ma za mu ga abin da zai zaɓa yanzu da ba mai ba shi maki.