Kada son hoto ya tsayar da kai a kan kwana

'Yan uwa da ke karatu a Tibilisi, babban birnin ƙasar Jojiya, da masu shirin hayar mota su bi gaɓar Bahar Aswad a hutun nan, ina da magana.

Daga Sarpi a kan iyakar Turkiyya, ka wuce Batumi, ka miƙe zuwa Kobuleti, za ka riƙa cin karo da adon bango na zamanin Tarayyar Sobiyat. Gutsattsarin gilashi mai launi ne, wani bai kai kan ɗan yatsa ba, aka jera su ɗaya bayan ɗaya a cikin siminti har suka zama kifi, rana, ko mace ɗauke da ganyen shayi. A lambun bakin teku na Batumi akwai wani gini na shekarar 1975 mai siffar halittar ruwan nan mai hannaye takwas. Na daɗe tsaye a gabansa. Kana matsawa kusa sai ka ga shuɗin ma ba iri ɗaya ba ne, wani ya yi duhu, wani ya yi fatsi-fatsi, kuma ba a kwance suke daidai ba, shi ya sa rana in ta bugi bangon yake ƙyalli.

Wannan ginin ya samu gyara. Da yawa kuwa, tun rushewar Sobiyat a 1991 ba su da mai kula da su. Ruwan sama a Batumi kamar da bakin ƙwarya yake sauka, ga iska mai gishiri. Ruwan ya ratsa siminti, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, sai bango ya tsage. Rumfar da ka fake a ƙarƙashinta kana gyara kyamara, ɗaga kai ka dube ta tukuna.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda ake tsayawa da mota don ɗaukar hoto. Na ga wani ya taka birki a kan kwana, ya bar ƙofa a buɗe, ya tsallaka titi idonsa na kan waya, ga motar haya ta taho a guje. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Ka wuce, malam, ka sami fili, ka sauka daga kwalta gaba ɗaya, sannan ka dawo da ƙafa kana fuskantar motoci. A hanyar nan shanu na kwanciya a tsakiyar titi, layin dogo kuma na bin gaɓar, don haka da magariba a haƙura. Lambar gaggawa 112 ce.

Su kuma shahararrun tashoshin bas da mai zane ɗan Jojiya Zurab Tsereteli ya ƙawata wajen garuruwan Gagra da Pitsunda, a Abkhaziya suke, yankin da ya ɓalle daga Jojiya bayan yaƙin 1992 zuwa 1993. Shiga can ta ɓangaren Rasha laifi ne a dokar Jojiya. Ɗalibi mai takardar zama kada ya yi wasa da wannan.

Sannan don Allah a daina ɓamɓarar gilashin. Na ga wani bango da aka ƙwaƙule wa idon kifi, ramin sabo fil, simintin ciki bai ko yi datti ba. Wani ne ya sa makullin mota ya cire ya jefa a aljihu. Da zarar ɗaya ya fita, ruwa ya sami hanya, na kusa da shi ma sai su bi.