Dokar gona da ruwa ta fi ƙarfin lauya shi kaɗai, ta kuma fi ƙarfin jami'a ɗaya

Duk wata doka da ta shafi gona ko ruwa ko daji ko kiwo, in ka tona ƙasanta zaka tarar wani lissafi ne aka ɗora ta a kai. Ruwa nawa kogi yake kawowa a shekara, dabba nawa fili zai ɗauka kafin ciyawarsa ta ƙare, shekara nawa ƙasa take yi kafin ta farfaɗo bayan an haƙe ma'adinan cikinta. Wanda yake rubuta dokar galibi lauya ne, shi kuwa lauya ba wanda ya koya masa wannan lissafin a makaranta. Wanda ya san lissafin yana nan a jami'a ɗaya da malamin shari'ar, sai dai gininsu daban, taronsu daban, mujallar da suke bugawa daban, sai su gama aiki su yi ritaya basu taɓa zama teburi ɗaya ba. Ni a ganina wannan rabuwar tana cikin manyan abubuwan da suke cutar da manomi da makiyayi da masunci a duniya, kuma jami'o'i ne ya kamata su fara ɗinke ta tunda a gidansu take.

Kogin Kolorado na Amurka ya ishe mu misali. A 1922 jihohi bakwai suka zauna suka raba ruwan kogin, aka ba jihohin saman kogin kaso, aka ba na ƙasansa kaso, jimilla wajen mita kubik biliyan 18 da rabi a shekara. A 1944 aka ƙara yi wa Meziko alkawarin kusan biliyan 2, kaga an haura biliyan 20 kenan a takarda. To ashe shekarun da suka dogara da ma'auninsu shekaru ne na ruwa mai yawa fiye da yadda kogin ya saba. Kuma ba wai babu wanda ya sani ba ne, akwai wani masanin ruwa na gwamnati mai suna Eugene LaRue da ya yi ta faɗa tun a wancan zamanin cewa ruwan bai kai abin da ake rabawa ba, ba'a saurare shi ba. Sai a 1976 masu bincike biyu, Charles Stockton na Jami'ar Arizona da Gordon Jacoby, suka bi ta zoben da ke cikin kututturen tsofaffin bishiyoyi, shekarar da aka samu ruwa zoben yakan yi faɗi, shekarar fari ya tsuke, da haka suka karanto tarihin kogin na sama da shekara 400 suka nuna matsakaicin ruwansa bai kai biliyan 17 ba. An raba abin da babu. A 2021 gwamnatin tarayyar Amurka ta ayyana ƙarancin ruwa a tafkin Mead, babbar madatsar da ake tara ruwan kogin, karo na farko, kuma manoman tsakiyar Arizona suna cikin waɗanda aka fara yanke wa. Mutumin da aka rage wa ruwan ban-ruwa a 2022 ko kakansa ba lallai an haife shi ba ranar da aka sa hannu a waccan takardar, amma shi ya biya.

Abin da yake ci mini rai a labarin nan shi ne ilimin yana nan, masu shi ne basa cikin ɗakin da ake rubutu. Shi yasa idan naji ana maganar haɗin gwiwar jami'o'i kan dokar noma da albarkatun ƙasa, tambayar farko da nake yi ita ce yaushe za'a haɗu, kafin a rubuta dokar ko bayan ta yi ɓarna. Haɗuwar bayan ɓarna ai kowa ma yana yi, a shirya taron ƙara wa juna sani a yi ta bayanin yadda akai kuskure.

Akwai kuma dalilin da yasa jami'a ɗaya bata isa ba ko da tsangayoyinta sun haɗa kai. Kogi bai san iyaka ba, garken shanu bai san iyaka ba, cutar shuka da fara da tsuntsu haka. Yarjejeniyar ruwan Nilu ta 1959 ta ba Masar mita kubik biliyan 55.5, ta ba Sudan 18.5, Habasha da mafi yawan ruwan yake gangarowa daga tsaunukanta bata cikin zancen, kuma har yau ana kan wannan rikicin. Idan masanin jami'ar wannan ƙasar yana da nasa alƙaluman, na waccan ƙasar yana da nasa, kowa gwamnatinsa ta ɗauke shi ya tafi teburin sulhu a matsayin makami, to tun kafin a fara magana an riga an ɓata. Amma in da ma tare suka yi awon, tare suka ajiye bayanan, ɗalibansu sun yi aikin fili tare, aƙalla za'a yi jayayya a kan rabo ne, ba za'a tsaya ana musu a kan ko ruwan nawa ne ba. Haka batun kiwo a Afirka ta Yamma. ECOWAS tana da matsaya kan zirga-zirgar makiyaya tsakanin ƙasashe tun 1998, Nijar tana da tsarin dokar karkara tun 1993 kuma a 2010 ta fito da dokar kiwo da ta amince cewa yawon makiyayi haƙƙinsa ne, Najeriya kuma tana tafiya da dokar amfani da ƙasa ta 1978 da ta damƙa filaye a hannun gwamnoni. Garke ɗaya ne yake ratsa waɗannan dokokin duka a cikin rani ɗaya. Wa ya fi cancanta ya ajiye su gefe da gefe ya gwada su da taswirar burtali da mashaya in ba malaman shari'a da na dabbobi da na taswira daga ɓangarorin biyu ba?

Kada wani ya ce mafarki nake, akwai inda abin ya yi aiki. A Amurka majalisa ta kafa cibiyar dokar noma ta ƙasa a Jami'ar Arkansas a 1987, kuma ta yi aiki tare da takwarorinta na Jami'ar Jihar Pennsylvania da ta Jihar Ohio da ta Mississippi, kowacce da inda ta fi ƙarfi, wata harkar iskar gas da ake haƙowa a ƙarƙashin gonakin mutane, wata harkar teku da kiwon kifi. Abin da ya fi burge ni ma ba girman sunayen ba ne, kayan da suke fitarwa kyauta ne a intanet, manomi ko lauyan ƙauye zai shiga ya duba abin da dokar jiharsa ta ce game da hayar gona ko shinge ko feshin magani ba sai ya biya ko sisi ba.

Amma misalin da na fi so shi ne na gonar gado. A kudancin Amurka iyalai da yawa, musamman baƙar fata, sun gaji gonaki daga kakanni ba tare da wasiyya ba, sai gonar ta zama ta magada duka a dunƙule, kowa da kasonsa amma ba'a yanka ba. Ka ɗauka magada sun kai talatin, wasu suna noma gonar, wasu sun yi ƙaura zuwa birni basu ma san inda take ba. Sai wani ɗan kasuwa ya nemo ɗaya daga cikin na birnin ya saye ɗan kasonsa, daga nan ya zama shi ma mai haƙƙi, sai ya tafi kotu ya ce a raba, kotu ta ce rabon zai yi wuya a sayar kawai, a yi gwanjo a ƙofar kotu, shi ɗin dai ya saye duka da araha. Iyali su wayi gari gonar shekara ɗari ta tafi kuma komai bisa doka akai. Wani malamin shari'a, Thomas Mitchell, ya shafe shekaru yana bin wannan matsalar tare da ƙungiyoyin manoma da sauran masu bincike, shi ne kuma ya jagoranci rubuta dokar samfuri ta 2010, wato daftarin da kowace jiha za ta iya ɗauka ta mai da shi dokarta, wadda ta sauya tsarin, yanzu sai kotu ta sa an ƙiyasta darajar gonar, a ba sauran magada damar saye kason wanda yake son fita, a fifita yanka fili a kan sayarwa, a duba daɗewar iyalin a wurin, in ma sayarwar ta zama dole to a kai kasuwa a nemi farashi na gaskiya. Jihohi sama da 20 sun karɓi dokar. Wannan binciken jami'a ne da ya tashi daga takarda ya je ya tsaya tsakanin iyali da gwanjo.

Sai dai fa ba duk abin da aka kira haɗin gwiwa ne haɗin gwiwa ba. Shugabannin jami'o'i biyu su sa hannu a takardar fahimtar juna, a ɗauki hoto, a sa a shafin jami'a, shekara biyar babu ɗalibi ɗaya da ya tsallaka, wannan kam ɓata tawada ne. Akwai kuma wanda ya fi wannan muni, inda jami'ar ƙasa mai kuɗi ce take kawo tambayar, ita ke riƙe da kuɗin, ita ke ajiye bayanan, sunan malaminta ne a gaba, su kuma na ƙasar da ake binciken a cikinta aikinsu raba takardar tambayoyi da fassara. Irin wannan ko an gama ba ya barin ƙwarewa a gida, gobe in matsala ta taso sai an sake jiran baƙo.

Kuma rashin ƙwarewar gida yana da tsada sosai. Habasha ta ƙulla yarjejeniya a 2005 da wani kamfanin Holan kan tef, wani ƙaramin hatsi da yake babban abincin ƙasar, da sharaɗin za'a raba amfani. Kamfanin ya samu haƙƙin mallaka a Turai kan sarrafa garin tef, ya karye a 2009, haƙƙin ya ci gaba da zama a hannun waɗanda suka kafa kamfanin, Habasha kuwa bata ga wani abin kirki ba. Sai a 2018 wata kotu a Holan ta ce haƙƙin ba shi da inganci a ƙasar. Hatsin da manoman Habasha suka yi dubban shekaru suna nomawa suna zaɓen irinsa kenan. A irin wannan ciniki kana buƙatar wanda ya san tsiro da wanda ya san dokar haƙƙin mallaka ta Turai da wanda ya san abin da zai faru da kwangila in kamfani ya karye, su ukun a gefenka kuma sun saba aiki tare. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta zo da ƙa'idojin raba amfanin irin waɗannan albarkatu, amma ƙa'ida bata karanta kwangila, mutum ne yake karantawa.

Sai batun wa yake biya. Dokar iri, dokar maganin feshi, dokar haƙar ma'adinai, duk akwai manyan kamfanoni da suke da biliyoyi a ciki, kuma sun fi kowa saurin ɗaukar nauyin bincike. Ban ce a ƙi kuɗinsu gaba ɗaya ba, jami'o'i da yawa ba zasu iya ba ma. Amma a rubuta a fili wa ya bada kuɗin, kuma ya zama mai bada kuɗi ba shi da ikon hana a buga sakamako in bai masa daɗi ba. A nan ma haɗuwar jami'o'i da yawa tana da amfani, domin murɗe malami ɗaya ya fi sauƙi a kan murɗe tawaga daga wurare huɗu.

Nasan wani zai ce ai doka siyasa ce, malaman jami'a ba zaɓarsu akai ba, kuma ga LaRue nan ya faɗi gaskiya an share shi. Haka ne, kuma bana goyon bayan a miƙa wa farfesoshi ikon yanke wa jama'a hukunci. Rabon ruwa tsakanin birni da gona, ko fili tsakanin noma da kiwo, zaɓi ne na al'umma. Abin da nake nema shi ne in za'a zaɓa a zaɓa ido buɗe. LaRue shi kaɗai ne kusan, kuma ma'aikacin gwamnati ne. Da ace jami'o'in jihohin nan bakwai ne suka fito da murya ɗaya da alƙaluma ɗaya, da share su bai zo da sauƙi haka ba.

Akwai kuma kujera ta uku da ake yawan mantawa da ita a teburin, ta mutanen da suke rayuwa da albarkatun. Elinor Ostrom ta Jami'ar Indiana, wadda ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ita da abokan aikinta daga fannoni da ƙasashe daban-daban sun tattara bayanan yadda jama'a suke tafiyar da ruwa da daji da makiyaya da kansu, daga ƙauyen Törbel na Suwizalan zuwa masu ban-ruwa na Balensiya a Sifen zuwa Nepal. A Nepal sun tarar cewa tsarin ban-ruwan da manoma suke gudanarwa da ƙa'idojinsu sau da yawa yana fin wanda hukuma ta gina da siminti kai ruwa ga na ƙarshen layi. Kaga kenan akwai doka a wurin tun kafin lauya ya iso, an san wa zai buɗe ruwa yau, wa zai yashe magudana, me za'a yi wa wanda ya saci ruwa da dare. Tawagar binciken da ta shiga irin wannan wuri da daftarin doka a jaka ba tare da ta fara zama ta ji wannan tsarin ba, zata rushe abin da yake aiki ne ta kawo wanda sai an sa ɗan sanda.

Gyaran da nake ganin ya fi gaggawa yana cikin jami'o'in ne kansu. Yau matashin malamin shari'a in ya ɓata shekara biyu yana aiki da masanin ƙasa da ƙungiyar manoma suka fitar da jagora mai sauƙin karantawa kan hayar gona, a wurare da yawa kwamitin ƙarin girma ba zai ƙirga masa shi kamar maƙala a babbar mujalla ba, don haka mai son ci gaba sai ya kauce. A canza wannan ma'aunin. A bar ɗalibin shari'a ya ɗauki kwas a tsangayar noma ya taka gona, ɗalibin noma shi ma ya zauna ajin dokar ƙasa da kwangila. A samar da kuɗin bincike mai dogon zango, domin shari'ar fili ɗaya ma tana iya cin shekara goma balle a ga tasirin doka a kan daji ko ruwan ƙarƙashin ƙasa, tallafin shekara biyu ba zai gano komai ba. Sannan duk abin da aka gano a fitar da shi kyauta, a harshen da mutanen wurin suke ji, a kai shi rediyo da ofishin malamin gona da hannun alƙalan ƙananan kotuna, tunda a gabansu ne rikicin iyakar gona da na mashaya yake fara sauka.