Masu zuwa gaisuwa da tari

Shekarar 2020 ta zo wa Baba da Mama da tsauri. Bayan ritaya sun tara kuɗin kujerar Hajji, sai Saudiyya ta hana maniyyata daga waje saboda korona. Aka rufe Kano a watan Afrilu, aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, jikokinsu na Kaduna sai dai ta waya. Duk suka haƙura.

Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne 'yan uwa masu zuwa gaisuwa. Baba na da ciwon suga, Mama hawan jini, kowa ya sani, kuma likitoci sun sha faɗa cewa irinsu cutar ta fi kayarwa. Amma mutum zai faɗo falo, takunkumi a ƙasan haɓa, yana tari, ya miƙo hannu. Ka nuna masa ruwa da sabulu a bakin ƙofa, ya ɓata rai: "Haba, yau ni ne baƙo?" Baba kuwa kunya ba za ta bar shi ya ƙi hannun mutum ba. Mama ce ke kwana cikin fargabar zazzaɓi. Washegari kuma ka ji ana yaɗawa wai gidanmu an yanke zumunci.